Na'ura guda, aljihu biyu

Ƴan kasuwa da ma'aikatan biro sun san wannan takaici: wasiƙa mai shafi ukku, na farko ya kamata ya hau takarda mai tambarin ma'aikata, sauran su hau fara. Sai na'urar bugawa ta ja duka daga aljihu guda, takarda mai tsada ta tahi a banza.

Masu tsara shafuka da InDesign, wanda kamfanin Adobe ya hitar a 1999, sukan rubuta masa umurni da JavaScript, ya buga ɗaruruwan shafuka shi kaɗai. Umurnin na iya zaɓen girman takarda da yawan kwafi, amma ban da aljihu. Wannan yana hannun manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da na'urar.

Dabarar da na fi amincewa da ita: a shigar da na'urar cikin kwamfuta sau biyu, kowane suna da aljihunsa. Umurni ya tura shafin farko ga wannan suna, sauran ga wancan. Sai dai haɗa shafukan ya koma hannun sakatare, kuma ranar da aka musanya takardun wajen cika aljihunan, tambari zai hito a shafi na biyu.