Idan Maigida Ya Ƙi Magani: Nasiha Ga Masu Jinya

 

Ya ku 'yan'uwa, a gidajenmu na Fagge da Sabon Gari akwai wata jarrabawa da ake ɓoyewa. Dattijo ya fara mantuwa, da dare kuma yana minshari har numfashinsa ya ɗauke, ya farka a firgice. Sai jahilci ya ce aljanu ne ko sammu, a nufi wajen boka, wanda halaka ne ga aƙida da dukiya.

Alhali likitoci sun san wannan cuta. Maƙogwaro ne ke toshewa cikin barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda. Tana jawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, tana kuma ƙara mantuwa. Tun 1980 Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya ƙirƙiro na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe.

To amma mai mantuwa yakan fizge ta, domin ya manta dalilinta. Uwargida ta kwana ido biyu, dangi kuma su ce ta gaza. Wannan zalunci ne. Shi ma ba shi da laifi, domin Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wannan mataki na tsufa.

Saboda haka muna ganin tilastawa kuskure ce, sakaci kuma ya fi ta muni. A bar gardama da shi. A saba masa da na'urar da rana yana sauraren karatu, sannan a sa masa ita kullum bayan Isha'i. A kwantar da shi ta gefe, domin rigingine na tsananta toshewar. Kada a ba shi ƙwayar barci sai da izinin likita. Idan abin ya gagara, a koma wa likitan, ko a nemi ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

'Ya'ya maza, ku karɓi kwana, ku tanadi batir saboda ɗaukewar wuta. Kwamitocin masallatanmu su tallafa wa marasa hali. Uwargida ma tana da haƙƙin barci, kuma ladanta yana wurin Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.