Kafin ka sayi ɗan tsako, je ka ci abincin ranar Asabar a waje

 

Yau maganar gidan cin abinci na zo da ita. Na san wani zai ce, mutumin da ke ta fafutukar kuɗin buhun abincin kaji, ina ruwansa da zuwa cin abinci a waje? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Ra'ayina shi ne, gidan da ya dace ka kai baƙonka shi ne gidan da ya dace ka kai kajinka da kifinka. Wanda kuwa bai iya gane shi da bakinsa ba, ba zai gane shi da aljihunsa ba.

Ga yadda aka yi na fahimci haka. Wata Asabar yayan matata ya zo daga Abuja a jirgin ƙasa, na je Rigasa na ɗauko shi. Maiɗakina ta tafi biki, don haka sai na ce bari in fita kunya, in kai shi wuri mai kyau. Muka nufi wani gidan abinci a ɓangaren Unguwar Rimi, irin mai gilashi da sanyin na'ura da ma'aikata masu kaya iri ɗaya. Takardar abincinsu kamar littafi, shafi wajen shida. Na sa aka kawo masa soyayyiyar shinkafa da kaza, ni kuma farfesun tarwaɗa.

Cokali na farko na san an samu matsala. Kifin nan ƙarnin taɓo yake yi, irin na tafkin da aka daɗe ba a canza wa ruwa ba, an dai zambaɗa yaji da citta don a rufe. Kazar kuma waje ya soyu, ciki ya bushe kamar auduga. Yaya mutum ne mai kara, bai ce komai ba, sai ya yi ta juya cokali yana shan lemo. Da na tambayi yaron da ke hidima daga ina suke samun kajinsu, sai ya ce shi dai a firiza yake ganinsu. Muka biya kuɗi masu ciwo muka fito da yunwarmu. Ashe dai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Muka tsaya muka yi Azahar a masallacin Sultan Bello. A wajen saka takalmi na tambayi wani dattijo inda ake samun abincin kirki a kusa, ya yi mana kwatancen wani lungu bayan titin Ali Akilu. Rumfa ce babba da bencina da fanka biyu. Abincinsu bai fi kala biyar ba: tuwon shinkafa miyar taushe, dambu, shinkafa da miya, farfesun kaza, farfesun kifi. Sai da muka jira aka tashi kafin muka samu wurin zama. A gefe ga babban baho, tarwaɗa na ta iyo a ruwa mai haske, ka nuna wadda kake so a yanka maka. Yaya ya cinye, ya nemi ƙari.

Da za mu tafi na ce wa mai wurin, "Hajiya, sannu da aiki. Kifin nan daga ina?"

Ta ce, "Ɗana, mutum biyu ke kawo min, ɗaya Laraba ɗaya Juma'a. In ya iso sai ya kwana biyu a ruwa mai tsabta ba abinci kafin ya shiga tukunyata. Wanda ya taɓa kawo min mai wari sau ɗaya, bai sake ba."

Na ce, "To kaji fa?"

Ta ce, "Na suya buroila nake so, matsakaita, waɗanda in na raba huɗu kowane yanki zai cika ido ba tare da na yi asara ba. Na farfesu kuwa sai kazar Hausa ko tsofaffin masu ƙwai. Buroila in ta daɗe a wuta dagargajewa take yi."

Wallahi a minti biyar ɗin nan na koyi abin da ban koya ba a shekarata ta farko ta kiwo. Domin a wannan shekarar na zuba buroila 200 ba tare da na san wa zan sayar wa ba. Suka kai sati takwas a watan da babu Sallah babu Kirsimeti. Dillali ya zo ya taya da farashin wulaƙanci, na yi zuciya na ƙi. Buroilar da ta kai wannan girma tana cin abin da ya haura giram 150 a rana, kun ga kenan kaji 200 sun wuce buhu mai kilo 25 kullum. Na ƙara sati uku ina ciyarwa, zafin Afrilu ya ɗauke min wasu, daga ƙarshe dillalin nan dai shi na kira, ya saya ƙasa da tayinsa na farko, yana cewa sun yi girman da masu abinci ba sa so. Da a ce na zauna a bencin Hajiya kafin in sayi 'yan tsaki, da ban yi wannan asarar ba.

Shi ya sa nake cewa neman wurin cin abincin ƙarshen mako aiki ne ga mai kiwo. Ga abubuwan da nake dubawa yanzu, kuma kowannensu yana amfanar mai ci da mai sayarwa.

Na farko, lokaci da jama'a. Ka je tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, ka ga su waye ke ci. In ka ga masu zuwa ana gaisawa da su da suna, magidanta da iyalansu, 'yan kasuwa ana ƙulla musu a leda, to abincin ba ya kwana. Wurin da tukunya ke ƙarewa kullum, kullum yana bukatar sabon kaya. Wurin da ka tarar wayam ranar Asabar da rana, ko fitilunsa sun kai ɗari, kazarsa ta daɗe a ajiye, kuma kuɗinka ma zai daɗe a wajensa. Ka tuna kuma a Disamban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da ranakun aikin ma'aikatanta huɗu a mako, sai ƙarshen mako ya koma farawa tun Juma'a ga mutane da yawa. Ka leƙa bayan an sauko daga masallaci ma.

Na biyu, yawan kalar abinci. Ba na cewa duk mai dogon jeri maƙaryaci ne, akwai manyan wurare masu ciniki da za su iya. Amma ƙaramin wuri mai kala talatin, dole rabinsu daga firiza suke fitowa. Daskarar da nama shi kansa ba laifi ba ne. Duhun da kake gani a jikin ƙashin kaza ma alamar daskarewa ce kawai, ba cuta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wutar lantarkinmu: a ɗauke nama ya narke, a kawo ya sake daskarewa, sau nawa? Ka kuma sani cewa shekara da shekaru an haramta shigo da daskararrun kaji ƙasar nan, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba. Gidan da ke sayen irin wannan ba zai taɓa biyan farashin kazarka mai rai ba.

Na uku, ka yi tambaya. "Daga ina kajinku?" Mai gaskiya zai amsa nan take, har ya faɗa maka ranar da ake kawowa. In aka fara 'yan kame-kame, ka sha ruwanka ka tashi.

Na huɗu, in suna da kifi mai rai, ka tsaya a kan bahon. Kai da kake shirin kiwon kifi ai wannan makaranta ce kyauta. Tarwaɗa mai lafiya tana da kuzari, gashin bakinta bai gutsure ba, babu gyambo ko farin tabo a jikinta. In ka ga suna tsaye kai sama ba motsi, ruwan ya yi kumfa yana wari, sun wahala. Ka lura da girman da aka fi nunawa. Masu farfesu da gashi sun fi son wadda ta kusa kilo ɗaya ko ta wuce, masu banda kuma ƙanana suke nema. Tsakanin waɗannan biyu akwai bambancin watanni na ciyarwa, kuma abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Ka san wanda za ka yi wa kiwo tun kafin ka zuba 'ya'yan kifi.

Na biyar, bayan gida da bayan kicin. Ka nemi wurin wanke hannu, ka saci kallon inda ake wanke-wanke da kwatar da ruwa ke bi. Gaban shago na baƙo ne, bayansa shi ne halin mai shi. Wanda ya bar ƙuda na bin naman da ya saya da kuɗinsa, ranar da wani ya yi ciwon ciki kai zai ɗora wa laifi, ya ce kajinka ne.

Kowace unguwa kuma da irin cinikinta. Wajen Unguwar Rimi da Malali za ka fi samun masu zuwa da iyali su zauna, farashi na sama, ana kuma son kaya a gyare tsaf. Kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da titin Ahmadu Bello cin sauri ake yi, yanki ƙarami, ciniki mai yawa. Kawo ta matafiya ce masu nufar Zariya da Kano. Kada ka zaɓi wuri don sunansa, ka zaɓi wanda girman gonarka da nisanta za su iya ɗauka.

Yanzu bari in faɗi abin da za a iya ce min, don gaskiya ce. Wani zai ce masu gidan abinci bashi suke ɗauka, gara dillali mai biya nan take. Haka ne, ni ma an taɓa riƙe min kuɗi wata biyu har na kasa zuba sababbin 'yan tsaki. Amma da na waiwaya, wurin da ya riƙe min kuɗin wuri ne da ni kaina ba zan kai baƙo ba. Ba ciniki, shi ya sa ba biya. Maganinsa ka fara da kaɗan, kaji goma ko kifi kilo goma, a biya kafin ka sake kawowa, ku rubuta a littafi kowa ya sa hannu. Kada ka yar da dillali, amma kada ya zama shi kaɗai ne ƙofarka.

Wani kuma zai ce, ni da kaji 100 kacal, wa zai saurare ni? Mai abinci ba yawa take nema ba, tabbas take nema. Ta fi son goma duk Juma'a ba fashi a kan ɗari yau, sannan shiru sai bayan wata biyu. Maimakon ka zuba 200 lokaci ɗaya, zuba 50 duk bayan sati biyu in kana da wurin raba su. In ba ka da shi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku tsara zubi, wannan ya kai wannan satin, wancan ya kai na gaba.

Sai dai fa mu ma akwai namu nauyin. Ƙarnin da na ji a farfesun farko ba a kicin aka yi shi ba, a tafkin wani ɗan uwanmu aka yi shi. Ruwa ya lalace, gansakuka ta yi yawa, warin ya shiga naman kifin, shi kuma ya kwashe ya kai kasuwa a haka. Ka ajiye kifinka a ruwa mai tsabta na wasu kwanaki ba abinci kafin ka sayar, ka dafa ɗaya a gida ka ɗanɗana. In ka ba kaji maganin ƙwayoyin cuta, ka duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin, kada ka yanka kafin su cika. 'Ya'yan mutane ne za su ci, wata rana ma naka ne. Amana ce.

Don haka Asabar mai zuwa, kafin ka je yin odar 'yan tsaki, ka ware kuɗin faranti ɗaya. Ka zaɓi wurin da ka ga ana layi, ka ci, ka duba, in cinkoso ya ragu ka gaida mai wurin da ladabi ka tambaye ta girman da take so, guda nawa a sati, da yadda take biya. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu cikin wata guda. Kuɗin duka bai kai asarar sati ɗaya na ciyar da kajin da suka rasa mai saye ba.

Ni dai yanzu duk ran Juma'a da safe akwai buroila goma sha biyar da nake kai wa Hajiya, matsakaita, yadda ta ce. Yaya kuma in ya kira zai zo, tambayarsa ta farko ita ce ko rumfar nan tana nan.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya haɗa mu da abokan ciniki na gari.