Wasiƙa zuwa ga masu washin wuƙa da adda a Lafiya



Tun da aka mai da Lafiya babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 ofisoshi suke ƙaruwa, amma har gobe ƙarfe mai kaifi ne ke ciyar da garin. Manomin doya na Agyaragu, da mai riɗi daga Doma, da mahauci, da mai faskare, duk sai sun biyo ta gaban injinku, musamman ranar kasuwar Alamis. Shi ya sa mai wannan wasiƙa ya ga ya dace a yi magana kan irin bakin da kuke fitar wa kayan mutane.

Dutsen inji zagayayye ne, saboda haka duk ƙarfen da aka danna masa aka riƙe wuri ɗaya, kwarmi zai ci a jikinsa. Bakin yakan fito siriri ƙwarai, mai washi ya aske gashin hannu da shi a gaban mai kaya, a biya a tafi ana murna. Gobe adda ta haɗu da kututture a gona, bakin ya lanƙwashe ko ya ɓantare, domin an cinye naman ƙarfen da ke tokare shi ta baya. Manomi kuwa ba zai ce washi ne ba, sai ya ɗora laifin kan maƙeri, ko ya ce addar zamani ba ta da ƙarko.

Abin da adda da gatari da wuƙar sara ƙashi suke so shi ne baki mai doro, wanda gefensa biyu suka ɗan kumbura kafin su haɗu, kamar ƙwayar riɗi in an dube ta ta gefe. Wannan kumburin yana tare bugu, yana buɗa itace ya ture shi gefe, don haka gatari ba ya maƙalewa kamar yadda mai kwarmi ke yi. Maƙeran Japan sun daɗe suna fitar wa takubbansu irin wannan baki. Tsofaffin manomanmu ma da ke goga adda a kan dutse a bakin rafi shi suke samu ba tare da sun nufa ba, don hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak, yana ɗan lilo, lilon kuma shi ke zagaye bakin.

To yaya za a samu doro daga dutsen da kwarmi ya iya? Sirrin a wuyan hannu yake. Mai washi ya fara ɗora ƙarfen daga ɗan sama da baki, inda yake da kauri, sannan ya riƙa mirgino shi a hankali zuwa bakin yayin da yake jan sa gefe zuwa gefe, ba tare da ya bar shi ya zauna wuri ɗaya ba. Ya yi wa ɗaya gefen daidai adadin da ya yi wa na farko. Idan ya shafa babban yatsa daga gadon baya zuwa baki ya ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso tun daga gindi har tsini, aikin inji ya ƙare. Saura magagari ko dutsen hannu, sannan a goge a kan fata ko tsohon bel har siririn ya faɗi. Wanda ya samu injin bel mai yashi ya huta, domin tsakiyar bel ɗin, inda babu abin da ya tokare shi, da kansa yake lanƙwasawa ya ba da doro.

Amma ba kowane ƙarfe ne ke son doro ba. Askar wanzami kwarmin ne ya dace da ita, wuƙar yanka da ta fiɗa suna son baki siriri, kimanin digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, yayin da gatari ke neman 25 ko fiye. Almakashin tela gefe ɗaya ake wasa shi, ba a taɓa cikinsa. Tambaya ɗaya, “Baba, me za a yi da ita?”, ta isa ta raba waɗannan.

Sai batun zafi, wanda ya fi komai ɓata kaya. Injin wuta yana juyawa kusan sau 2,850 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuwa ba shi da kaurin da zai shanye zafin. Idan ƙarfe ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ya haura digiri 220 na zafi, idan ya yi shuɗi ya kai wajen 300, kuma taurin da maƙeri ya ba shi da wuta da ruwa ya tafi daga wurin. Gogewa tana ɓoye shuɗin, amma ba ta dawo da taurin. Gwangwanin ruwa a gefen inji, da sauƙin dannawa, da tsoma ƙarfe bayan kowane ja biyu ko uku, su ne magani. Addar da aka ƙera da sifirin ɗin mota da mai tambarin kada ta kanti duk ɗaya suke a nan.

Ruwa yana da wani amfanin, ga ƙirji, idan dutsen kansa ne a jiƙe. Game da birnin Sheffield na Ingila, wanda ya yi suna da wuƙaƙe, marubuci Friedrich Engels ya rubuta a 1845 cewa masu washi a busasshen dutse da ƙyar suke kai shekara 35, saboda ƙurar dutse da ƙarfe da ke taruwa a huhu, masu jiƙa dutse kuwa sukan ƙara kamar shekara goma a kan haka. Takunkumin hanci da tabarau ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Shi kansa dutsen ma yana da haɗari, don haka kafin a ɗaura sabo a rataye shi a ƙwanƙwasa da itace: mai lafiya yakan yi ƙara tangaram, mai tsaga kuwa muryarsa a dakushe take, kuma irinsa ne ke tarwatsewa a fuskar mutum. Kada a wasa a gefen dutsen, ba don haka aka yi shi ba.

Baki mai doro ya fi cin lokaci, kuma a jajibirin Babbar Sallah, da wuƙaƙe a jibge da mutane a tsaye, ba wanda zai tsaya mirgina ƙarfe. Ku yi wa wuƙaƙen layya washinsu na sauri, amma ku tsoma su a ruwa. Gatari da addar sara ƙashi kuwa a ware su gefe, a faɗa wa mai su kuɗinsu ya ɗara na wuƙa, ya dawo bayan La’asar.