Kimiyya a Sauƙaƙe: Me Ya Sa Doka Ta Ce Cajar Mota Ta Jira?

Yau za mu leƙa Birtaniya, inda cajar motar lantarki take da dokokinta, har da lokacin da za ta sha wuta.

Mu fara da lissafin da muka koya a aji. Cajar da ake kafawa a bangon gida tana jan ampiya 32 a kan bolt 230. Idan muka ninka su, za mu samu wat 7,360, kamar a jona dutsen guga bakwai masu wat 1,000 lokaci guda. Kuma babban batirin mota yakan ɗauki awa takwas ko fiye kafin ya cika. Siririyar waya ba za ta jure ba, zafi za ta yi ta narke, gobara ta tashi. Shi ya sa ƙwararren mai aikin wuta ne yake kafa cajar. Yana ja mata layinta daban, ya sa na'urar da ke katse wuta idan an samu matsala, sannan a sanar da kamfanin rarraba wutar yankin.

Tun daga Yunin 2022, ƙa'idar gini a Ingila ta tanadi cewa sabon gida mai wurin ajiye mota ya zo da cajarsa. A watan ne kuma wata doka ta fara aiki kan cajar gida da ake sayarwa. Dole ta zo a saite yadda ba za ta ja wuta ba daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, da 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, lokutan da jama'a suka fi amfani da wuta. Mai uzuri yana iya canza saitin. Haka kuma kowace caja takan yi jinkirin da bai wuce minti 10 ba kafin ta fara, kuma jinkirin wannan daban da na waccan, don kada dubban motoci su afka wa layi a daƙiƙa ɗaya.

Dalilin ba baƙo ba ne a wurinmu. Da an kawo wuta kowa sai ya ruga ya jona hita da dutsen guga da injin ruwa. Taransfoma ta buga, unguwa ta kwana cikin duhu, iyayenmu su koma karo-karon kuɗin gyara. Soket na mai gida ne, amma taransfoma ta kowa ce.

Motoci da kekunan Napep masu lantarki sun riga sun fara zirga-zirga a Maiduguri. A cikinmu akwai injiniyoyi da masu aikin wuta da kansilolin da za su tsara mana irin waɗannan dokoki gobe.

Aikin gida: mu duba jikin dutsen guga da firij da fankar gidanmu, mu tara adadin wat ɗinsu. Sun kai na caja ɗaya? Ku aiko mana da amsa. Sai mako mai zuwa, in sha Allah.