Takalmin Masu Nutso: Wanne Za A Zaɓa?

Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife da manoma a Gummi cikin Satumba 2024 ba. A irin wannan rana gwanin nutso ake nema, gwani kuwa sai da kayan aiki.

Cikin kayan nan akwai takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, wanda wani Bafaranshe, Louis de Corlieu, ya yi wa rajista a 1933. Iri biyu ne. Ɗaya rufaffe, ana zura ƙafa tsirara. Ɗaya kuma buɗe yake ta diddige, da maɗauri, ana sa shi bisa wani takalmi mai taushi. Na biyun ya fi dacewa da Gulbin Zamfara, gama kafin a kai zurfi sai an taka ƙaya da tsakuwa.

Kada a saya sai an gwada. In ya matse, jijiya za ta ɗaure a tsakiyar ruwa. In ya yi yawa, ruwa ya tafi da shi. Dogo mai tauri yana ture igiyar ruwa, amma yana gajiyar da ƙafa. Ɗan koyo ya nemi matsakaici mai laushi. Kada kuma a yi aro. Dawuda ma ya tuɓe kayan yaƙin Saul domin bai saba da su ba.

Iyaye, takalmi ba ya koya wa yaro iyo. Sai a hannun gwani, ba kuwa da damina ba. Ubangiji ya kiyaye mu. Sai wata mai zuwa.