BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa da manoma, maganarmu ta wannan mako a kan wani abu ce wanda ba a ganinsa da ido, amma yana taɓa aljihun kowa. Watau manhajar kwamfuta, irin manya-manyan nan da hukumomi kan sa a rubuta musu, su zo su ɗora mana a ka.

Wani zai ce, ina ruwan mai awon dawa a kasuwar Dirin Daji da kwamfuta? To, ya tuna farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Wa ya manta yadda a kan auna hatsi, mai saye ya ce ya tura, a tsaya ana kallon waya har la'asar, alat bai shigo ba? Tun ran nan muka gane abin da aka ƙulla a ofisoshin Abuja, a kan tabarmarmu yake kwancewa.

In irin wannan ya faru, sai manya su ce wai na'ura ce ta sami matsala, sai ka ce aljani ya shige ta. Mu ba mu yarda ba. Na'ura ba ta yin kome sai abin da aka rubuta mata. Babbar manhaja kuwa aikin taro ce, injiniyoyi da yawa ke haɗuwa a kanta, kamar gayya. Kowa ya san gayya, in ba a raba wa kowa kunyarsa ba, sai a nome wani wuri sau biyu, a bar wani cikin ciyawa. Saboda haka kafin a rubuta layi ɗaya, wajibi ne a zauna a tsara yadda za a yi aikin: wa zai rubuta, wa zai duba, da wane kayan aiki, kuma yaya za a gwada. Ga misali biyu na abin da rashin wannan ya jawo mana.

Na farko, jarrabawar JAMB ta 2025. Da sakamako ya fito, iyaye suka yi ta kuka, yara masu ƙoƙari sun faɗi warwas. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye, ya ce laifi daga wajensu yake. Me ya faru? An yi wa manhajar wani gyara ana cikin kwanakin jarrabawa, irin facin da a kan yi wa taya. Ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin suka sa facin a wasu kwamfutoci, suka tsallake wasu, ba kuwa wanda ya lura sai bayan an fid da sakamako. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, a Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai 379,997, duk aka ce su sake zama. Mun yaba wa mutumin da ya amsa laifi, don ba kasafai manya kan yi haka ba. Amma mu akawuna mun san maganin wannan: takarda guda mai jerin sunayen kwamfutocin duka, kowace aka gyara a sa mata alama, wani dabam ya bi ya duba. A yau ma akwai manhajar da ke yin wannan ƙidaya da kanta, ta yi ƙara in an tsallake guda.

Na biyu, zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu, 2023. Hukumar INEC ta yi alkawari za a ɗauki hoton takardar sakamako a kowace rumfa da na'urar BVAS, a aika shafin IReV, kowa ya gani da idonsa. Na 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare ya yi. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ce an shirya manhajar ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, na ƙasa duka ne, sai manhajar ta rasa inda za ta sa shi. Tun 2020 ake aiki da shafin a zaɓukan cike gurbi da na gwamnoni, amma bai taɓa ɗaukar na shugaban ƙasa ba sai ran nan. Jama'a, ku ji fa! Watau an ɗora wa jaki buhu guda an ga ya tafi, sai aka tashi da shi fatauci da kayan raƙumi. An yi facin a daren, amma amanar da ta zube a tsakanin nan, wane faci zai kwashe ta?

Kada a ce wannan ciwon baƙar fata ne. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa gyara a lokaci guda, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka rikice. Bayan ɓarna suka yi alkawarin nan gaba za su riƙa aikawa kaɗan-kaɗan. Ku dubi Kenya kuma. Kafin a buɗe M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, a 2007, sai da aka gwada ta tun 2005 a garin Thika da mutane ƙalilan. An shirya ta don biyan bashi ne, sai aka ga mutane suna tura wa juna kuɗi da ita, aka bi abin da jama'a ke so. Manomin kirki ba ya shuka sabon iri a gona duka, sai ya fara da kusurwa guda ya ga abin da damina za ta ce.

Akwai 'yan'uwa da suke cewa a watsar da na'urori a koma takarda. Ba mu tare da su. Mun san zamanin da a kan cika akwati da ƙuri'un matattu, a biya albashi ga ma'aikatan da ba su taɓa zuwa duniya ba. Na'ura ta rage wannan. Abin da muke nema shi ne a yi aikin bisa ƙa'ida, ga kuwa ƙa'idojin.

Ɗaya, a rubuta tsarin aiki kafin a sayi kayan aiki. Sayen keke ba ya mai da mutum tela. In za a kawo sabuwar hanya, a fara da ƙungiya guda ta ma'aikata, a koya musu, a ga inda ta cije, kana a yaɗa ga saura.

Biyu, kowane canji da aka yi wa manhaja a shigar da shi littafi guda, da sunan mai yi da rana, kuma kada mai rubutu ya zama shi ne mai duba kansa.

Uku, a gwada da kaya daidai nauyin ranar aiki, kuma a gwada a irin garuruwanmu na ƙasar Zuru, inda sabis kan ɗauke, wuta kan yi ƙaura. Abin da ya yi aiki a ɗaki mai sanyi a Abuja bai ci jarrabawa ba tukuna.

Huɗu, a hana taɓa manhaja a jajibirin aiki, sai da larura, kuma a tanadi hanyar komawa baya in sabon gyara ya ɓaci.

Biyar, manhajar da aka biya da kuɗin talakawa ta zama mallakar hukuma, da rubutunta da bayaninta, don kada ɗan kwangila ya tafi da mabuɗi. A kuma buga sakamakon gwaji kowa ya karanta, har da Hausa.

Malaman da suka koya mana lissafi a makarantar mishan ba su karɓar amsa sai yaro ya nuna hanyar da ya bi. Haka za mu yi wa mahukunta. Duk ɗan takarar da ya zo kasuwa neman ƙuri'a, ya ce zai kawo mana na'urar biyan haraji ko ta rabon taki, ku tsai da shi ku tambaye shi: a ina aka gwada ta, da mutum nawa, in ta tsaya kuma wa za mu kama? In ya yi shiru, kun sami amsarku.

Akawun Jam'iyya,
Dirin Daji.