Kafin a zuba kuɗi kan jitar lantarki

Jama'ar Magarya da Dungas, ga shawara ga mai shirin zuwa Kano sayen jita. Samfuri biyu suka yi fice: Gibson Les Paul ta 1952, mai nauyi da kaurin murya, da Fender Stratocaster ta 1954, mai kaifin sauti, irin wadda Mdou Moctar ke kaɗawa. Wuyan ta farko manne yake da gam, na ta biyu kuwa da noti huɗu aka ɗaure shi. Idan hunturu ya lanƙwasa katako, ana kwance shi a sa wani. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Squier, ƙanwarta mai rahusa. A gwada kafin a biya, domin akwai jabu. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.